Babi na Shida: Teburin Wasiƙu na Gidan Lyceum

A cikin littafin da Bram Stoker ya fitar a 1906 don tunawa da maigidansa, akwai wani adadi da yakan sa mai karatu ya dakata ya sake dubawa. Ya ce wasiƙun da ya rubuta da hannunsa da sunan Henry Irving sun kusa kai rabin miliyan. Shekara 27 ya yi yana wannan aiki, daga ƙarshen 1878 har zuwa rasuwar Irving a 1905. In aka raba adadin a kan kwanakin waɗannan shekaru, zai kama wasiƙa hamsin ke nan kowace rana, har da Lahadi, har da ranakun da suke cikin jirgin ruwa a tsakiyar teku. Ko da an ce Stoker ya ɗan ƙara gishiri, aka rage kashi ɗaya cikin uku, abin da ya saura ya isa ya nuna cewa gidan wasan kwaikwayo na Lyceum da ke Landan fuska biyu gare shi. Akwai dandamalin da 'yan kallo suke gani da dare, akwai kuma teburin rubutu da ba ya hutawa da rana. A yau duniya ta san Stoker ne saboda littafinsa Dracula na 1897, amma mutanen zamaninsa sun san shi a matsayin dogon mutumin nan na Ireland mai jan gemu, wanda yake tsayawa bakin ƙofar Lyceum yana tarbar baƙi, kuɗin gidan da alƙalamin gidan duk a hannunsa.

Me ɗan wasa zai yi da wannan tulin wasiƙu? Sai an koma tushen mutumin kafin a gane.

Sunansa na yanka John Henry Brodribb, an haife shi ranar 6 ga Fabrairu 1838 a wani ƙauye da ake kira Keinton Mandeville a yankin Somerset. Iyayensa ba masu hali ba ne, don haka a hannun 'yar'uwar mahaifiyarsa ya tashi, can Cornwall cikin masu haƙar ma'adinai. Yana da in'ina tun yana yaro. Da ya zo Landan ya gama 'yar makarantar da ya samu, sai ya zama ƙaramin akawu a wani kamfani mai ciniki da Indiya, yana kwafar takardu yana koyon yadda ake tsara wasiƙar kasuwanci. A 1856 ya ajiye aikin, ya ɗauki sunan Henry Irving, ya hau dandamali karo na farko a garin Sunderland. Mahaifiyarsa mace ce mai tsananin riƙo da ɗarikar Methodist, a ganinta ɗanta ya kama hanyar halaka, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sauka daga wannan ra'ayi ba. Ba ita kaɗai ba ce. Tun 1572 dokar Ingila ta saka ɗan wasan da ba shi da uban gida cikin jerin 'yan yawon banza, kuma ko bayan da aka gyara dokar, ƙyamar ta zauna a zukatan mutane. Mai karatun da ya taɓa ganin yadda wasu iyaye a wajenmu suke ɗaure fuska in aka ce mai neman 'yarsu ɗan wasa ne zai fahimci irin bangon da Irving ya tashi ya tarar a gabansa.

Wannan bango shi ne ya shafe rayuwarsa yana rushewa. Suna kam dandamali ya ba shi. Daren 25 ga Nuwamba 1871 ya fito a wasan The Bells a matsayin Mathias, mai masaukin da alhakin kisan kai ya hana shi barci, gari ya waye Landan ba ta da zance sai nasa. Daga ƙarshen 1874 ya yi Hamlet dare 200 a jere. A Disamban 1878 ya karɓi ragamar Lyceum gaba ɗaya, ya ɗauko Ellen Terry ta zama babbar 'yar wasan gidan, ya kira Stoker daga Dublin, inda yake aikin gwamnati yana kuma rubuta sharhin wasanni a jarida. Amma suna daban, mutunci daban. Mutane sukan tafa wa wanda ba za su yarda ya zauna a falonsu ba. Abin da Irving yake nema shi ne ranar da alƙali da limamin coci da ɗan majalisa za su zauna teburi ɗaya da ɗan wasa ba tare da suna jin sun yi masa alfarma ba. Wannan kuwa tafi ba ya kawo shi, sai mu'amala, yau da gobe, mutum bayan mutum. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. A Landan ta zamanin Sarauniya Victoria, a takarda take.

Zamanin ma ya taimake shi. A 1840 Rowland Hill ya kawo tsarin aika wasiƙa ko'ina cikin Birtaniya da kan sarki na kwabo ɗaya, kuma cikin shekara guda wasiƙun ƙasar suka tashi daga miliyan 76 zuwa kusan miliyan 169. Lokacin da Irving yake tashe, a tsakiyar Landan ma'aikacin gidan waya yakan zagayo har sau goma sha biyu a rana. Mutum zai rubuta gayyatar cin abincin dare da hantsi, amsa ta iso shi kafin la'asar. A 1870 gidan waya ya karɓi harkar tangaraho daga hannun kamfanoni, a 1885 kuma aka sauke kuɗinsa zuwa sisi a kan kalma goma sha biyu. Wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku tun 1866 ta haɗa Landan da New York. Sauƙin ya zo da nauyinsa: tunda amsa ba ta da wuya, rashin amsa ya zama cin fuska. Wanda ya rubuta maka ka yi shiru ya san da gangan ka yi.

Ofis ɗaya suke zama su uku a bayan dandamali: Irving, da H. J. Loveday mai kula da shirin dandamali, da Stoker. In ka ɗauki ɗaya daga cikin wasiƙun da suka fita daga wannan ɗaki, abin da za ka fara gani shi ne sunan gidan wasan an buga shi a saman takardar, ko kuma adireshin masaukin Irving, 15A Grafton Street. Takardar ƙarama ce, an naɗe ta biyu. Jikin wasiƙar layi biyar ne ko shida, da rubutun mai sauri wanda alƙalaminsa ba ya son ɗagawa daga takarda, wannan hannun Stoker ne. Can ƙasa sai hannu ya sauya, tawada ta yi kauri, sunan Irving ya fito a karkace. In kuwa Irving ne ya rubuta duka da kansa, to mai karɓa ya samu girmamawa ya kuma samu aiki, domin rubutunsa ya yi ƙaurin suna wajen wuyar karantawa, har abokansa sukan miƙa wa juna takardarsa ana neman wanda zai warware wata kalma. Akwai kuma hannu na uku, na sakatarensa Louis Austin, ɗan jarida, wanda yake taya shi tsara jawabai da wasu amsoshin. Mutanen zamanin sun san da wannan tsari kuma ba su ɗauke shi yaudara ba. Sa hannun shi ne alƙawarin.

Mafi yawan abin da yake shigowa roƙo ne. Masu neman tikitin kyauta, masu neman hoto da sa hannu, iyaye masu son a gwada 'yarsu, limaman coci masu neman ya zo ya yi karatu don tara kuɗin asibiti, da tsofaffin 'yan wasa da ƙarfi ya ƙare musu ba su tara komai ba. Waɗannan na ƙarshe su ne Irving ba ya iya juya wa baya. Shekara goma ya yi yana gararamba a garuruwan lardi kafin Landan ta san da shi. A Edinburgh kaɗai, cikin shekara biyu da rabi, ya fito a matsayi sama da 400, yau sarki gobe bawa, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Ya san yunwar sana'ar daga ciki. Da ya samu, sai ya riƙa saka tsofaffin abokan wahala cikin masu karɓar albashin Lyceum ko da aikin da za su iya bai fi tsayawa cikin taron jama'a a bayan dandamali ba, wasu kuma ana aika musu ɗan abin masarufi a ambulan duk mako. A 1882 da aka kafa asusun tallafa wa 'yan wasa mabukata, shi ne shugabansa na farko. Stoker, da yake shi ne mai lissafi, ya sha jin zafin wannan buɗaɗɗen hannu. Ni dai a nan nake ganin gaskiyar mutumin. Wasiƙa zuwa ga basarake tana iya zama neman shiga, amma amsar da aka ba tsohon da ba shi da abin da zai rama da shi, wannan hali ne.

Sai marubuta. Duk wanda ya rubuta wasa a Ingila burinsa a ce Lyceum ta karɓa, don haka rubutattun wasanni suna shigowa dami-dami, Stoker ne kuma yake fara karantawa. Wani lokaci abin yakan zo da sauƙi. Arthur Conan Doyle, mai Sherlock Holmes, ya aiko da ɗan gajeren wasa a kan wani tsohon soja da ya ga yaƙin Waterloo, Irving ya karanta ya saye shi nan take a kan fam 100, ya fara nuna shi a 1894, ya kuma ci gaba da fitowa a cikinsa har ƙarshen rayuwarsa. Na Tennyson kuwa haƙuri ya ci. Alfred Tennyson shi ne mawaƙin fadar Sarauniya, dattijo mai kishin kowace kalma tasa. Ya rubuta Becket a kan babban limamin Canterbury da aka kashe a cikin cocinsa a 1170, wasan ya yi tsawon da ba zai nunu a dare ɗaya ba. Fiye da shekara goma yana hannun Irving, ana rubuce-rubuce tsakanin Lyceum da gidan mawaƙin, sau da yawa ta hannun ɗansa Hallam. Yaya za ka gaya wa babban mawaƙin ƙasa cewa sai an yanke babban kaso na aikinsa? Irving bai yi gaggawa ba, bai kuma bari zumuncin ya yanke ba. Ya nuna wani wasan nasa, The Cup, a 1881. Sai a 1892 ya tura Stoker takanas zuwa tsibirin Wight da kwafin da aka rage, dattijon ya duba ya amince. Tennyson ya rasu a Oktoban shekarar bai ga wasan ba. Aka buɗe shi ranar 6 ga Fabrairu 1893, ranar da Irving ya cika shekara 55, bayan 'yan makonni kuma aka kai shi fadar Windsor gaban Sarauniya.

Da George Bernard Shaw ne abin ya ƙi daɗi, kuma wannan labari ya cancanci a tsaya a kansa, don yana nuna iyakar abin da ladabin wasiƙa yake iya yi. Shaw yana rubuta sharhin wasanni a mujallar Saturday Review daga 1895 zuwa 1898, alƙalaminsa kuwa kaifi gare shi. A ganinsa Irving yana ɓarnatar da basirarsa da ta Ellen Terry a kan tsofaffin wasanni masu ƙyale-ƙyale, yana yanka Shakespeare yadda ya ga dama, ya kuma toshe kunnensa ga sabon salon da marubucin wasanni Ibsen ya kawo. A lokaci guda kuma Shaw yana musayar wasiƙu da Ellen Terry, wasiƙu masu zaƙi da wasa da hankali, shekaru suna yi ba su zauna fuska da fuska ba. Ta wannan hanya ya turo wasansa The Man of Destiny, a kan Napoleon yana saurayi. Irving ya nuna yana so, aka yi ta jan magana. Shaw ya yi zargin cewa ana so ne a biya shi kuɗin ajiye wasan don a rufe masa baki, ya dage sai an sa ranar nunawa. A Disamban 1896 ya rubuta sharhi a kan Richard III wanda mutanen Lyceum suka fassara da cewa yana nufin Irving ya hau dandamali a buge. Shaw ya musanta, amma an riga an ji ciwo. A Afrilun 1897 aka mayar masa da wasansa, Irving kuma ya fito a matsayin Napoleon a wani wasan na Bafaranshe Sardou.

Shaw ya yi tsanani, amma zarginsa ba a iska ya tsaya ba. Lyceum tana kula da 'yan jarida kulawa ta musamman. A daren buɗe sabon wasa, bayan an sauke labule, akan shirya musu liyafa a kan dandamalin, har maganar kaza da shamfen ta zama habaici a bakin masu sukar wannan al'ada. Akan kuma sayi wasa daga hannun mai sharhi a ajiye ba a nuna ba. Wasu za su ce karamci ne, wasu su ce toshiya ce da aka yi wa ado, kuma ina ganin duka biyun suna ciki. Babbar asarar dai ta Irving ce. Mutumin da ya iya lallashin Tennyson shekara goma ya kasa jure wa Shaw shekara biyu, gidan da ya fi kowane gida ƙarfi a Ingila ya wuce bai nuna Ibsen ko Shaw ko sau ɗaya ba a ƙarƙashinsa. Wasiƙun Shaw da Terry da aka buga a 1931 su ne suka fi yaɗuwa cikin duk takardun da suka shafi Lyceum, don haka jama'a da yawa ta idon abokin hamayyarsa suka fara sanin Irving.

Katin gayyata shi ne makaminsa mafi ƙarfi. A bayan gidan akwai wani tsohon ɗaki da wata ƙungiyar masu cin gasasshen nama ta taɓa amfani da shi, ana kiransa Beefsteak Room. Irving ya gyara shi, ya sa mai dafa abinci, ya mai da shi wurin hira bayan an tashi daga wasa, daga tsakar dare har wani lokaci asuba ta kawo jiki. Yarima mai jiran gado ya ci abinci a Lyceum. Makaɗin piyano Franz Liszt ya zo kallon Faust a 1886 aka yi masa liyafa a ɗakin. Firayim Minista Gladstone, da kunnensa ya yi nauyi, an tanadar masa kujera a gefen dandamali daga ciki don ya ji sosai. Stoker ya jera sunayen baƙi sama da dubu a littafinsa, ya ce ma ba duka ba ne. Ranar 14 ga Fabrairu 1880, da The Merchant of Venice ya cika dare ɗari, baƙi sama da 300 suka ci abinci a kan dandamalin da aka gama wasa a kansa ɗazu. A lissafa abin da wannan dare ɗaya ya ci na takarda: gayyata, amsa, neman uzuri, roƙon a ƙara wa wani kujera, tsara wanda zai zauna kusa da wa, sannan godiyar washegari. Kowane baƙo ya zo gidan ɗan wasa ne, ya ci abincin ɗan wasa, kuma al'adar zamanin ta wajabta masa ya rama gayyata. Ta haka ƙofofin da suke rufe suka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Tafiye-tafiyen Amurka, guda takwas daga 1883 zuwa 1904, sun ninka aikin. Irving ba ya tafiya shi kaɗai ya tarar da 'yan wasan gari kamar yadda aka saba. Da jama'arsa yake tafiya da kayan dandamalinsa gaba ɗaya, don haka kafin jirgi ya tashi sai an gama magana a rubuce da masu gidajen wasa, da kamfanonin jirgin ƙasa, da masaukai, da 'yan kwastan. Kafin tafiyar farko an yi masa liyafar ban kwana ranar 4 ga Yuli 1883, Babban Jojin Ingila Lord Coleridge ne ya shugabance ta.

Akwai inda takardun suka yi shiru, kuma shirun yana da nauyi. Irving ya auri Florence O'Callaghan, 'yar wani babban likitan soja, a 1869. Ba ta taɓa ganin sana'arsa da daraja ba. Jikansa Laurence Irving, wanda ya rubuta tarihinsa a 1951, ya kawo labarin daren da The Bells ya yi nasara: suna cikin keken doki za su gida, tana ɗauke da cikin ɗansu na biyu, sai ta tambaye shi ko haka zai ci gaba da mai da kansa abin dariya har ƙarshen rayuwarsa. Ya sa direba ya tsaya a Hyde Park Corner, ya sauka, bai sake komawa gidan ba, bai sake yi mata magana ba. Ba su rabu a kotu ba. Shekara 34 abin da ya haɗa su shi ne kuɗin ciyarwa da saƙonni a kan yaran nan biyu, Harry da Laurence, waɗanda suka tashi nesa da ubansu, sai da suka girma suka shiga sana'arsa sannan aka samu kusanci. Mutumin da yake amsa wa baƙon da bai taɓa gani ba cikin kwana ɗaya ya kasa samun kalmar sulhu ga uwar 'ya'yansa. Maganar da ta faɗa masa ita ce ainihin maganar da ya tashi yana ji tun daga bakin mahaifiyarsa, shi ya sa ta huda shi har ƙashi, amma wannan bai sauke masa alhakin yaran da aka bari a tsakiya ba. Tsakaninsa da Ellen Terry kuwa, da suka yi sama da shekara ashirin suna aiki tare, mafi yawan wasiƙun ba su kai zamaninmu ba. 'Yan kaɗan da suka tsira suna nuna shi da taushin da ba a gani a sauran takardunsa.

A watan Mayun 1895 wasiƙar da ya yi shekaru yana share wa hanya ta iso, daga Firayim Minista Lord Rosebery: Sarauniya za ta ba shi sarautar Sir. Ba a taɓa ba ɗan wasa ba a tarihin Birtaniya. Watanni kaɗan kafin nan, a Fabrairu, ya tsaya a Royal Institution ya yi jawabi yana neman a lissafa wasan kwaikwayo cikin manyan fasahohi tare da zane da kiɗa da waƙa. Da labari ya fita, tangaraho da wasiƙu suka yi ta kwarara daga ciki da wajen ƙasar har aka rasa inda za a sa su. Ranar 18 ga Yuli aka naɗa shi a Windsor. 'Yan wasan ƙasar, dubbansu, suka sa hannu a takardar taya murna guda ɗaya suka kawo masa a cikin akwatin zinariya da ƙarau. Sun gane cewa su aka naɗa. Shi ma haka ya ɗauka, don a takardun tallan wasanninsa ya bar sunansa Henry Irving kawai, ba tare da sarautar ba, kamar sauran abokan aikinsa.

Daga nan al'amura suka fara juyawa. A Disamban 1896 ya zame a matakala ya ji ciwo a gwiwa, gidan ya yi makonni yana asara. Ranar 18 ga Fabrairu 1898 gobara ta cinye rumbun da yake ajiye kayan dandamali a Southwark, kayan wasanni 44 suka ƙone ƙurmus, inshorar kuma ba ta kai ko kusa da abin da aka kashe ba. A ƙarshen shekarar ciwon huhu ya kwantar da shi a Glasgow. A 1899 ya miƙa Lyceum ga wani kamfani, duk da Stoker ya nuna masa illar yarjejeniyar, kuma a Yulin 1902 ya yi wasansa na ƙarshe a gidan. Kuɗin da suka shiga hannunsa tsawon shugabancinsa sun haura fam miliyan 2, amma kusan duka sun koma cikin wasannin, da albashi, da liyafa, da ambulan ɗin mabukata. A wasiyyarsa bai ambaci Stoker ba, abin da har yau yake damun duk wanda ya san yawan tawadar da mutumin ya zubar dominsa.

Ya rasu daren 13 ga Oktoba 1905 a zauren otal ɗin Midland da ke Bradford, bai fi awa ɗaya da sauka daga dandamali ba, inda ya fito a Becket. A wannan karo wasu ne suka yi rubutu dominsa. Manyan ƙasar suka sa hannu a takardar roƙo zuwa ga shugaban cocin Westminster Abbey cewa a binne shi a can, inda ake binne sarakuna da manyan mawaƙa, aka kuma amince. Ranar 20 ga Oktoba aka ajiye tokarsa kusa da kabarin David Garrick, babban ɗan wasan ƙarni na 18. An aika wa Shaw katin halarta, ya mayar da shi.

A Disamban shekarar aka yi gwanjon littattafansa da hotunansa da kayan wasansa a Christie's, takardun kuma suka watsu. Kaso mai yawa na wasiƙun da aka aiko masa ya bi ta hannun iyalinsa ya ƙare a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan. Takardun Stoker suna Stratford, garin Shakespeare, wasu kuma a jami'ar Leeds. Akwai wasu a Harvard da ɗakin karatu na Folger a Amurka, na Ellen Terry kuma a gidanta na Smallhythe da ke Kent. Waɗanda Irving ya aika sun fi wuyar tarawa, tunda kowace tana gidan wanda ya karɓa, har yanzu sukan ɓullo ɗai-ɗai a kasuwar gwanjo. Mai bincike yakan tarar da takarda ba shekara a kanta, sai ranar mako kawai, domin wanda zai karɓi saƙo cikin awa biyu ba ya bukatar a gaya masa shekara. Sai ya bi ta wasan da aka ambata a ciki, ko ta adireshin da ke sama: Irving ya zauna a Grafton Street daga 1872 zuwa 1899, saboda haka duk takardar da ta fito daga Stratton Street, inda ya koma, ta shekarunsa shida na ƙarshe ce.